Lasifikar Tsohuwa Tasalla

Duk wanda ya zauna a Gozaki a shekarun samun 'yancin kai ya san Istifanus ɗan Sulemanu, malamin sikeli a kasuwar auduga. Dogo ne mai faɗin ƙirji, in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Amma fa matsoraci ne na bugawa a jarida. Yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, yana tsoron ɗan doka ko da albasa ya tarar da shi yana saye. In ana waƙa a majami'a ranar Lahadi leɓɓansa kaɗai ke motsi, don kada wani ya waiwayo ya dube shi. Matarsa Rahab takan ce Allah ya ba shi ƙirjin bijimi, ya manta ya sa masa zuciyar kaza a ciki. Shi kuwa sai ya yi murmushi, don ya san ba ƙarya ta yi ba.

Ubansa Sulemanu ba haka yake ba. Manomi ne, kuma kafin ya karɓi baftisma shi ke ba da waƙa a wurin gayya. Da ya karɓa sai ya koma ba da waƙa a majami'a, muryar dai tana nan yadda take, mai kauri, ƙasa-ƙasa, irin wadda mutum ke fara ji a cikinsa kafin ta iso kunne. Yana da wata waƙa tasa ta kansa. Ya ƙago ta ne tun suna sabon aure, ran da gulbi ya kawo suna dawowa daga ganin gida, ya goya amaryarsa Tasalla ya haye da ita ruwa iya wuya yana rerawa don kada ta firgita. A 1956 wata Baturiya 'yar mishan ta zo da na'ura a bayan mota, ta sa shi ya rera wannan waƙa ta ɗauka. Wata uku bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya cika. Sai da ciyawa ta rufe kabarinsa sannan baƙin faifan garmaho ya iso cikin ambulan.

Tasalla, wadda kowa a garin ke kira Tsohuwa, ta ƙi ko kallon faifan. "An tatse mashi murya an zuba a faranti," in ji ta, "da me zai rayu?" Mai bishara ya yi bayani har ya gaji, ta ce ita dai kada a kuskura a kunna abin nan inda take. Sai Istifanus ya ɓoye faifan. Da ya sami aikin sikeli ya sayi garmaho, ya riƙa kai shi bukkar gona yana sauraron ubansa shi kaɗai. Shekara tara yana haka. Kuma da yake ɗan manomi ne, ya san duk abin da ake so ya daɗe mai ake shafa masa, ko ƙotar fartanya ce ko takalmin fata, sai ya riƙa shafa wa faifan man gyaɗa duk wata yana goge shi da auduga har ya yi ƙyalli. A ganinsa babu faifan da ya sami gata kamar wannan a duk ƙasar Katsina.

A cikin waɗannan shekaru kunnen Tsohuwa ya yi ta tafiya, har ya zama sai an tsaya gabanta tana karanta baki. Wata rana da kakar 1965 suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai ta ajiye ƙwarya. Ba da Istifanus ta yi magana ba, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, rabonta da taɓa jikinsa tun yaye. Sai ta dubi Rahab, amma ta ɗaga murya yadda kurame ke yi.

"Rahab, na manta muryar uban yaran nan. Tun shekaranjiya nake nema a kaina, babu. Mai bishara ya ce ranar tashi kowa da kowa zai tashi, taro ne ba na wasa ba. Idona ba ya kai nesa. In ya kira ni a cikin taron nan ban gane shi ba fa? Ya yi ta kira, in wuce shi?"

Rahab ta so ta mai da abin wasa, sai ta ga da gaske tsohuwar take. Daga ranar abinci ya fita ran Tsohuwa. Istifanus ya kwana biyu yana kai gwauro yana kai mari, sannan ya ɗauko garmahonsa mai batir ya ajiye a gabanta, yana jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta kara kunne a jikin ɗan akwatin, faifai ya juya har ya ƙare, ta ɗago ta ce, "An fara?" A nan ne tsoro na gaske ya kama shi, wanda ya fi na kare da na tsawa, don ya ga uwarsa za ta tafi kabari da wannan fargaba.

Washegari ya shimfiɗa auduga a ƙwarya, ya kwantar da faifan, ya kifa wata ƙwaryar a kai, ya ɗaure da zane. Ya hau motar dawa zuwa Funtuwa yana rungume da ita a ƙirji. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ce "Ya Ubangiji," har wata mata da ke kusa ta tambaye shi ko ƙwai ne na sarki.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai rumfar Malam Aƙilu mai gyaran rediyo, wani ɗan siririn dattijo mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya iya ganin wauta ya yi shiru. Ya karɓi faifan, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina.

"Malam Istifanus, ƙosai kake soyawa a kai?"

Istifanus ya yi bayanin man gyaɗa, yana sa ran yabo. Malam Aƙilu ya yi salati. Ya ce mai yana kama yashi, allura kuma tana niƙa yashin a cikin layukan da muryar take kwance, don haka duk juyi ɗaya sai an kankare wani abu daga cikinta. "Kai da hannunka ka yi ta nome ta. In ka samu ya yi maka sau biyu nan gaba, ka yi sadaka."

Istifanus ya zauna a kan wani tsohon batirin mota. Ashe duk shekarun nan da yake ganin yana kiwon muryar ubansa, cinye ta yake yi. Da ƙyar ya iya faɗin abin da ya kawo shi, cewa lasifika yake nema wadda kurma zai ji.

Malam Aƙilu ya nuna masa abin da yake da shi. Akwai wata 'yar ƙarama mai ƙyalli, ta samari, wadda ko kallo ba ta ishe su ba. Akwai wata ta ƙarfe mai faɗin baki kamar mazurari, irin wadda 'yan siyasa ke ɗaurawa a kan mota. Can a lungu kuma akwai wani ƙaton akwatin katako mai ƙyalle a fuska, wanda wani Bature injiniya ya sayar da zai koma ƙasarsu. Malam Aƙilu ya shafa akwatin kamar mai shafa doki, ya ce duk lardin nan babu kamarsa, amma tsadarsa sai a hankali.

Istifanus mutumin sikeli ne, abin da aka auna shi ya yarda da shi. Ya ce, "Wacce ta fi kai murya nesa?"

"In nesa kake so, ta ƙarfen. Ka kafa ta a nan, mutanen Bakori su amsa. Amma..."

Bai tsaya jin amman ba. Ai lissafin a fili yake, abin da ya kai Bakori ba zai kasa shiga kunnen tsohuwa da ke zaune taku biyar ba. Aka haɗa masa ita da ɗan injin ƙara ƙarfi mai aiki da batirin mota, ya kama hanya.

Ranar Lahadi da la'asar ya rataye ta a reshen ɗorawar tsakar gida. Bai gaya wa kowa a garin ba, don yana tsoron kada a hana shi, kuma wannan tsoron ne ya jawo masa abin da ya fi. Aka zaunar da Tsohuwa a kan tabarma. Ya ɗora allura.

Abin da ya fito daga bakin ƙarfen nan ba za a ce ba Sulemanu ba ne, don kalmominsa ne, waƙarsa ce. Amma duk kaurin muryar ya tafi, sai wata siririyar ƙara mai tsaga kai, kamar mutum na ihu daga cikin gwangwani, ga ƙarar yashi tana bin ta. Kuma ta game garin gaba ɗaya. Matan da ke dawowa daga rijiya suka zubar da tuluna. Awaki suka tsinke igiya. Tsoho Manu, wanda shi ya haƙa kabarin, ya fito daga gidansa ba hula yana gudu yana cewa, "Da hannuna na rufe shi! Wallahi da hannuna na rufe shi!" Musulmi na salati, Kirista na kiran sunan Yesu, kowa ya nufi inda ƙafarsa ta ga dama.

Tsohuwa ba ta ji kalma ko ɗaya ba. Tsinin ƙarar kaɗai ya huda kunnenta, ga shi tana ganin mutane na gudu ta ƙofar zaure. Ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta ce, "Ba shi ba ne! Ko kuwa shi ne? Haka suka mai da shi?" Istifanus ya zabura zai ɗage allura, garin gaggawa allurar ta ja wani dogon farin layi a kan rabin faifan.

Kwana uku Tsohuwa tana kwance fuskarta a bango, ko kunu sai an yi da gaske. Da can mantuwa ce ke damunta, yanzu kuwa ta sami abin tunawa, kuma mugun abu ne. Ta gaya wa Rahab in da wannan murya zai kira ta ranar tashi, gudu za ta yi. Istifanus yana bakin ƙofa yana ji. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya lalata faifai, ya firgita gari, ya kuma ƙara wa uwarsa ciwo a kan ciwo, duk da kyakkyawar niyya.

Ya koma Funtuwa a kan kekensa, faifai da garmaho ɗaure a baya, lasifikar ƙarfe a kafaɗa. Malam Aƙilu ya saurare shi har ƙarshe, kuma abin mamaki bai yi dariya ba. Ya ce, "Na so in gaya maka, ka riga ni tashi. Zauna. Ita Inna, babu abin da take ji ko kaɗan?"

Istifanus ya ce babu. Sai kuma ya tuna in Rahab ta fara daka, ko Tsohuwa ta ba ta baya takan ce, "Yau da wuri." Ya tuna takan riga yara sanin babbar mota na tafe. Ya faɗa masa.

"To ai ba da kunne take ji ba, da jiki take ji. Akwai dawa a aljihunka?"

Wane ɗan manomi ne za a rasa ƙwayar dawa a aljihunsa da kaka? Malam Aƙilu ya zuba 'yan ƙwayoyi a kan lasifikar ƙarfe, ya sa wani faifai na kiɗan ganga. Ƙara ta cika rumfar har mai shayi na maƙwabta ya leƙo, amma dawa tana kwance abinta. Ya kwashe ya zuba a kan akwatin katako, ya mai da waya can. Sautin bai kai rabin na farko ba, sai dai ƙwayoyin suka tashi suna tsalle har suna zubowa ƙasa. Ya kama hannun Istifanus ya ɗora a jikin katakon. Gangar ta bi ta tafin hannunsa ta haura har haƙarƙari.

"Ta ƙarfen nan ihu ta iya," in ji Malam Aƙilu. "Wannan kuwa ƙirji gare ta. Ka ce mahaifinka da ƙirji yake waƙa."

Sai da Istifanus ya mayar da ta ƙarfen ya kuma bar kekensa a rumfar kafin akwatin ya zama nasa, kekensa da yake zuwa kasuwar auduga da shi. Bai ko waiwaye shi ba. Malam Aƙilu ya wanke faifan da ruwan sabulu a hankali, ya sa wa garmahon sabuwar allura, ya bi farin layin da farce yana girgiza kai. "Sau ɗaya ne, shi ma ban ce zai kai ƙarshe ba. Kada ka ce za ka gwada. Gwajin shi ne yin."

Wannan karon Istifanus ya bi gari gida-gida yana ba da haƙuri yana kuma sanarwa, har gidan tsoho Manu, wanda ya ce shi dai ranar zai tafi Tsiga gaisuwa. Saura Tsohuwa. Da ta ga an shigo da akwatin ɗakinta ranar Asabar da hantsi, ta ja zane ta rufe kai. Rahab ta durƙusa, ta yaye zanen a hankali, ta sa fuskarta daidai idon tsohuwar.

"Inna, ba da kunne za ki ji ba. Ran da Baba ya haye gulbi da ke, ina kika sa kanki?"

Tsohuwa ta dube ta. Sannan ta miƙa hannu aka tashe ta zaune. Ta matsa, ta kwantar da kuncinta a jikin katakon, ta runtse ido kamar wadda za a yi wa sakiya.

Istifanus ya riƙe allura a sama, gumi na bin gwiwar hannunsa. In ya ɗora ta karkace, shi ke nan. In akwatin bai yi ba, shi ke nan. In ya yi kuma ta ce ba shi ba ne, babu sauran faifai, babu sauran dabara. Sai da Rahab ta taɓa shi sannan ya sauke hannu.

Ƙarar yashi ta fara fitowa. Sai gyaran murya, irin wanda Sulemanu ke yi kafin kowace waƙa, sannan muryar ta taso daga ƙasa, ta cika ɗakin, har kwanonin jere suka ɗauki rawa.

"Ruwa ya kawo, riƙe ni da kyau,
Wanda ke riƙe da mu ba ya gajiya."

Kafaɗun Tsohuwa suka sauka. Ta zagaye akwatin da hannu biyu. Leɓɓanta suka fara bin waƙar, daidai, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Rahab ta toshe bakinta da gefen zane.

Aka gama baiti na farko, aka shiga na biyu, allura ta iso farin layin. Ta yi tsalle, ta koma, ta sake tsalle, sannan ta zame ta tafi har tsakiya. Sai shuuu. Istifanus ya mayar da ita baya da sauri, babu komai sai yashi. Muryar ta ƙare.

Tsohuwa ba ta ɗago ba. Ta ƙara manna kunci a katakon, ta ce, "Ya ya yi shiru? Ai ba mu haye ba. Muna tsakiyar ruwa." "Rahab, ce mashi ya ci gaba."

Istifanus ya dubi faifan, ya dubi matarsa. Wa zai gaya mata ya ƙare, kuma shi ya ƙarar da shi? Bai san lokacin da ya ture akwatin gefe ba. Ya durƙusa a inda akwatin yake, ya juya wa uwarsa baya kamar mai shirin goyo. Rahab ta gane, ta kama kan tsohuwar ta kwantar a tsakanin kafaɗunsa. Bai taɓa buɗe baki ya yi waƙa a gaban ɗan Adam ba. Ya yi gyaran murya, ya ɗauka daga inda allura ta tsaya. Shekara tara yana sauraron waƙar nan a bukkar gona, babu numfashin da bai haddace ba. Ya kai ta har gaɓa.

Yana jin ɗumin hawayenta yana ratsa rigarsa. Can sai ta ɗaga hannu ta daka masa duka a kafaɗa, dukan da ba shi da zafi, na farko tun yana jariri.

"Ja'iri," ta ce. "Ashe tana nan a ƙirjinka duk shekarun nan, ka bar ni ina nema a gwangwani?"

Akwatin katako bai yi asara ba, majami'a aka kai shi, ya yi shekaru yana aiki. Istifanus ya yi kakar audugar wannan shekara a ƙafa. Bai daina tsoron kare ba, kuma har ya tsufa in aka yi tsawa sai ya nemi lungu. Amma kowace Lahadi da la'asar yakan shiga ɗakin Tsohuwa ya durƙusa ya juya baya, ita kuma ta kwantar da kai, ba mai ce da wani komai sai waƙar ta ƙare.

Tsohuwa ta kai damina mai zuwa. Ran da jikin ya yi tsanani, Rahab ta riƙe hannunta, ta sa fuska daidai idonta, ta tambaye ta ko tana jin tsoro.

"Tsoron me?" in ji Tsohuwa. "Ko duniya duka ta taru, ya yi gyaran murya kawai. Zan je."